Bukar mai gyaran inji da jinin gidansu

Bukar ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Kafin Hausa, ko darasin farko ban gama ba. Malam Iliya mai walda, wanda shagonsa ke jikin na Bukar a Hadejia, shi ya kira ni. Ya ce, "Malam Sale, ka taho gida. Abokinka ya faɗi a bakin shago. Kafin mu kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce masa, wane abokin? Na san wanda yake nufi. So nake ya ambaci wani suna daban.

An yi jana'iza kafin azahar. Yanzu haka a kan bencin asibiti nake wannan rubutu. Idan kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bukar mai gyaran injin ban-ruwa ne. Duk wanda ke noman rani a fadamar nan, shinkafa ko alkama ko tattasai, da wuya a ce injinsa bai taɓa kwana a shagon Bukar ba. Tare muka taso, layi ɗaya, makarantar allo ɗaya, firamare ɗaya. Shi Babarbare, ni Bafillace, saboda haka tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba. "Bawana" yake ce mini. Ko da na auri ƙanwarsa Falmata, aka ce yanzu sai in riƙa jin kunyarsa tunda ya zama yayan matata, cewa ya yi, "Wace kunya? Bawa ya auri 'yar sarki, ai sai dai ya ƙara ladabi."

Wata shekara injin mahaifina ya tsaya ana tsakiyar ba alkama ruwa. Ina Kafin Hausa, ban ma sani ba. Bukar ya rufe shago, ya hau mashin da akwatin sifanoninsa, ya shiga fadama ya wuni a can har ruwa ya taso. Sai bayan wata guda na ji a bakin tsohon.

Duk lokacin da aiki ya kai shi wajen Baturiya, sai ya taho wa mahaifiyata da bandar kifi. Ba ya shiga ya miƙa. A zaure yake ajiyewa, ya ɗaga murya ya ce a gaya wa Inna ta huta da nono yau ta ci abincin mutane.

Haka yake.

Amma na san abin da da yawanku za ku tuna idan an ce Bukar: ƙafar nan.

Muna da kamar shekara ashirin da 'yan kai ƙafarsa ta hagu ta fara kumbura. Rana ɗaya ya tashi ya ga ƙaurinsa ya yi suntum, ya ɗau zafi, ba ya iya takawa. Aka ce sanyin fadama ne. Aka gasa, aka shafa, ta sace. Bayan shekara biyu ta sake. Daga nan fatar wajen idon sawu ta soma baƙi tana ƙaiƙayi. Wata rana bakin kwano ya ɗan karce shi a wurin, karcewar da ni da kai ba za mu ma kula ba.

Wannan karcewar ce ta zama gyambo. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da shi.

Ya kan rufe, mu yi murna, damina ta zo ya sake buɗewa ya fi na da faɗi.

Babu abin da ba a ce ba. An ce jifa ne, wai wani abokin sana'a ne ya yi masa. An ce ya taka abin da aka binne. An ce ciwon daji ne. An ce siga, aka gwada, babu. An ce sikila, aka gwada, babu. An zuba garin magani kala-kala, an ɗaura ganye, har wani ya taɓa ba shi shawarar ya ɗiga ruwan batir, Allah Ya taimaka bai yi ba.

A masallaci kullum ƙarshen sahu yake tsayawa, gefen taga. Na daɗe ina zaton iska yake so. Wata rana na matsa masa ya zo kusa da ni, sai ya ce, "Bar ni nan. Kada in hana wani khushu'i." Warin yake gudar wa mutane. Kwalbar turare ba ta rabuwa da aljihunsa.

Ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Sai dai idan matarsa tana cire bandeji da safe, ya kan kama ƙafar kujera ya yi ta salati.

Shekara uku da suka wuce wani likita a nan ya tura shi wani babban asibiti a Kano, ni na raka shi. Likitar da ta duba shi ba ta fara da gyambon ba. Tambayoyi ta yi ta jera masa. Sau nawa ƙafar ta taɓa kumbura? A gidanku akwai mai irin wannan?

Bukar ya ce, "Babanmu da gyambo ya rasu. A ƙafar dama."

"Sai wa?"

"Ƙanwar babanmu, Gwaggo. Ta haihu da kwana tara, ƙafarta ta kumbura. Tana zaune ana yi mata kitso numfashinta ya sarƙe. Shi ke nan."

Likitar ta ajiye biro. Ta sa aka ɗauki hoton jijiyoyin ƙafar, aka ɗebi jini aka aika gwaji. Sai da muka koma sau biyu kafin sakamako ya fito.

Abin da ta gaya mana, yadda na fahimta, shi ne: a jikin kowa akwai abin da Allah Ya sa yake hana jini daskarewa a cikin jijiya. Na Bukar bai kai yadda ake so ba, kuma haka aka haife shi, gado ya yi. Kumburin nan na baya, jini ne yake curewa ya toshe babbar jijiyar ƙafa. Kowane toshewa yana ɓata jijiyar, har ta kai jini ya sauka ƙafa ya kasa hawowa da kyau. Shi ya sa fatar ta mutu, shi ya sa ciwon ya ƙi rufewa. Ta ce abin tsoron ma ba gyambon ba ne. Idan gudan jinin ya ɓalle ya bi jijiya ya kai huhu, mutum na iya faɗuwa nan take.

A mota muna dawowa ya ce mini, "Ka gane ai? Bawul ne ya lalace. Na gyara na mutane dubu, nawa ba kayan canji."

Muka yi dariya.

An ɗora shi a kan maganin tsinka jini, kullum ƙwaya ɗaya, da zuwa gwaji lokaci-lokaci. An ba shi wata doguwar safa mai matse ƙafa, aka ce ya riƙa ɗaga ƙafar in ya zauna, ya rage dogon zama wuri ɗaya. Wallahi ya ji sauƙi. Bara gyambon ya tsuke har ya koma kamar bakin kofin shayi. Da babbar sallah ya tsaya kusa da ni a tsakiyar sahu.

Likitar ta ƙara da magana ɗaya: 'yan'uwansa na jini su zo a duba su, musamman mata, musamman mai ciki ko mai jego.

A nan muka gaza.

Da ya kai wa mahaifiyarsu maganar, Hajiya ta ce kada ta sake ji. Ta ce, "Kana da 'ya'ya mata uku. So kake a ce gidanmu akwai ciwon gado, su tsufa a ɗaki? Ubanku kwanansa ne ya ƙare, gwaggonku ma haka." Ba mugunta ba ce, jikokinta take karewa. Bukar bai iya musu da ita. Maganar ta tsaya tsakanin ni da shi da matarsa.

Ni ma ban gaya wa Falmata duka ba. Na ce mata dai an gano maganin Ya Bukar. Ta yi hamdala, na bar ta a haka.

Ban saba kawo zancen iyalina nan ba, kun sani. Na tambaye ta kafin in rubuta, ta ce in rubuta. Falmata tana da ciki wata bakwai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Bukar, Asabar ɗin da ta wuce waccan ce, kwana goma ke nan. Na same shi a shago da hantsi. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, kowa ya kwaso injinsa a duba masa kafin a shiga aikin rani, sun cika shagon har waje. Yana zaune a 'yar kujerarsa ta tsuguno, ƙafar a naɗe ƙarƙashinsa, yadda aka hana shi. Na ga tsumma ɗaure a tafin hannunsa.

Na ce, "Me ya same ka?"

Ya ce ƙarfe ne ya yanke shi mako biyu da suka wuce. Jinin ya ƙi tsayawa, ya jiƙa tsumma uku, sai da aka kai shi aka ɗinke. Ya ce, "Na tsorata, bawana. Na ga jinina yana zuba kamar an buɗe famfo. Mai aiki da ƙarfe kullum cikin yanka yake. Na ɗan ajiye ƙwayar nan tukuna."

Na ce, "Ka gaya wa likita?"

"In na sallami mutanen nan zan je. Ka ga dai layin."

Ya tashi ya ɗauko wani inji daga bakin ƙofa, taku bai fi goma ba. Da ya dawo sai da ya dafa bango yana haki. Na ce lafiya? Ya ce gajiya ce, jiya ya je Kano sayo kayan gyara, su huɗu a kujerar baya, tafiya da dawowa bai miƙe ƙafa ba.

Na gani da idona. Ina wurin lokacin da likita ta yi bayani. Na san abin da hakin nan zai iya zama. Amma na karɓi "gajiya ce" saboda ita ta fi daɗin ji.

Sai ya tambaye ni jikin Falmata. Na ce da sauƙi, sai dai ƙafa da ta ɗan kumbura, irin na masu ciki.

Ya ajiye sifana. "Ɗaya ko biyu?"

Na ce, "Ta hagu ta fi."

Tunda nake da Bukar ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Sale." Ranar ce kaɗai na ji sunana a bakinsa. "Ka kai ta asibiti. Ka gaya musu komai, da ni, da Baba, da Gwaggo. In Hajiya ta yi fushi, ni zan ba ta haƙuri. Na gaji da ɓoyon nan. Duk wanda ya tambaye ka ma ka faɗa masa."

Na ce in sha Allahu, da mun gama jarrabawar yara.

Ya ce, "Kada ka yi irin tawa."

Na hau mashin na tafi. Na bar shi da ƙwayar da ya ajiye, na koma gida ban kai Falmata asibiti ba. Kwana goma. Kullum in na dawo daga makaranta sai in saci kallon ƙafarta, in ce wa kaina kamar ta ragu. Gaskiyar magana tsoro nake ji a gaya mini abin da ba na son ji.

Malam Iliya ya ce yau Bukar ya buɗe shago kamar kullum, sun gaisa, har ya tsokane shi. Ya sunkuya zai ja igiyar wani inji, sai ya miƙe ya dafe ƙirji. Ya ce, "Iliya, iska ba ta isa ta." Ya zauna a ƙasa, ya yi kalmar shahada, ya jingina da ƙofa. Ba a yi wani bincike ba, Allah ne masanin abin da ya faru. Amma duk wanda ya zauna a ofishin likitar nan ta Kano ya ji abin da na ji, zuciyarsa wuri ɗaya za ta tafi.

Daga makaranta na biya gida na ɗauki Falmata. Ban iya faɗa mata ba sai da muka shiga mota. Ba ta yi kururuwa ba. Ta riƙe mayafinta tana ta maimaita, "Ya Bukar, Ya Bukar." Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ina kuka amma idona na kan ƙafarta. Silifas ɗin hagu ya ƙi shiga, a hannu ta riƙo shi.

Da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama a wajen karɓar gaisuwa. Na aika a yi mini iso cikin gida. Tsakar gidan cike da mata. Ban taɓa tsayawa gaban surukata na yi doguwar magana ba sai yau. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na ce, "Hajiya, Allah Ya ba mu haƙuri. Na zo neman alfarma. Ina so in kai Falmata asibiti yanzu."

Wata daga cikin matan ta ce, "Yau? Ko wuni ba a yi ba?"

Na ce, "Wasiyyar marigayi ce. Ya ce in kai ta, ban kai ba."

Hajiya ba ta dube ni ba. Ta juya wajen Falmata da ke zaune gefenta, ta ɗage bakin zanenta kaɗan, ta ɗora tafin hannu a ƙaurin hagu. Ta mayar kan na dama. Ta sake komawa na hagu, ta daɗe a haka.

Sannan ta ce, a hankali, "Haka ta gwaggonku ta yi zafi. Ni na riƙe ta."



Ta ce, "Tashi ki bi mijinki. Kai kuma ka faɗa musu duk abin da suka tambaya. Na binne ɗaya yau, ya ishe ni."

Shi ne muke nan tun bayan azahar. Na ba likita labarin tun daga kan mahaifinsu. Ya auna ƙafafun biyu da tef, ta hagu ta fi kauri sosai. An ɗauki hoton jijiyar, kuma akwai gudan jini a bayan gwiwa. Ya ce bai ga alamar ya motsa ba, numfashinta lafiya, bugun zuciyar abin da ke cikin ma lafiya. An kwantar da ita, an yi mata allurar farko. Ya ce irin ƙwayar da yayanta ke sha ba a ba mai ciki, allura za ta riƙa yi kullum har ta sauka, da wasu makonni bayan haihuwa. Gwajin da zai nuna ko ta gaji abin, wannan sai daga baya.

Na ce, "Likita, da na kawo ta kwana goma da suka wuce fa?"

Ya ce, "Ka kawo ta yau. Mu yi aiki da wannan."

Ba zan ce muku hankalina ya kwanta ba. Duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi. Ɗazu ta gyara kwanciya ta ja dogon numfashi, na miƙe tsaye ban sani ba. Ina tunanin watanni biyun da suka rage, ina tunanin kwanakin jego. Ina tunanin 'ya'yan Bukar mata uku, babbar ba ta wuce shekara goma sha uku ba. Ina tunanin nawa biyun da na bari wajen maƙwabta.

Ni ba likita ba ne, malamin lissafi ne. Ba kowane gyambo ne irin na Bukar ba, ba kowane kumburi ba ne kuma. Amma idan a gidanku akwai wanda ƙafarsa ɗaya ke kumbura ta yi zafi, ko ciwon idon sawu da ya shekara bai rufe ba, kuma kun san wani a dangi ya taɓa yin haka, ko wata ta rasu farat ɗaya cikin jego, don Allah ku je asibiti ku faɗi tarihin gidan gaba ɗaya. Wanda kuma aka ɗora a kan maganin tsinka jini, kada ya ajiye don kansa, ko da ya tsorata. Ya koma wajen wanda ya rubuta masa.

Masu injuna a shagon, ku ɗan yi haƙuri zuwa bayan addu'ar uku. Malam Iliya zai buɗe kowa ya ɗauki nasa.

Wanda Bukar ya taɓa ɓata wa, ko da da wasan nan nasa ne, ya yafe masa. Ni ne ma ke neman yafiyarsa, kuma ba ni da inda zan same shi.

Ya Allah, bawanka Bukar ya zo gare Ka. Ka san shekarun da ya yi yana jinya bai yi ƙorafi ba, Ka sa su zame masa kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wajen tambaya, Ka sada shi da mahaifinsa a Aljanna Firdausi. Ka ba Hajiya da matarsa juriya. Ka raya 'ya'yansa, Ka tsare su daga abin da muke tsoro.

Ya Allah, Ka narkar da abin da ke ƙafar Falmata, Ka sauke ta lafiya, Ka bar mini ita.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa abu ɗaya. In ka idar da sallar magariba yau, kafin ka tashi daga kan sallaya, ka ambaci Bukar da sunansa ka nema masa gafara. Sannan ka ƙara da ƙanwarsa da ke kwance.